Turke naka ne, ruwan fa? Batun wurin ɗaure kwale-kwale a bakin dam

Duk wanda ya ji ana maganar wurin ɗaure jirgin ruwa a Katsina zai iya yin dariya ya ce to mu da ba teku ba kogin kirki, ina mu ina wannan rigima. Amma dai a zaga a gani. Akwai dam ɗin Zobe a Dutsin-Ma, akwai Jibiya, akwai Ajiwa ta ɓangaren Batagarawa wadda birnin Katsina ke sha daga gare ta, akwai Sabke da Daberam ta wajen Daura, ga Mairuwa can Funtuwa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu in ka je bakinsa da sassafe za ka tarar da kwale-kwale jere, na masunta da na 'yan fito, kowa ya san turkensa. Ba a rubuta sunan kowa ba, ba lamba ba allo, amma ka gwada ɗaure naka a wurin wani ka ga yadda gari zai waye maka.

Rigimar kullum iri ɗaya ce. Mai turke ya dawo daga ɗaga taru ya gaji, kifi na jiran mai saye, ya tarar da baƙon jirgi a wurinsa, ya ce wurina ne tun zamanin babana. Baƙo ya ce ruwa na Allah ne, wa ya sayar maka da dam. Abin da ke sa maganar ta ƙi ƙarewa shi ne kowannensu yana da rabin gaskiya a hannu, kuma kowa ya ɗauka rabin nasa shi ne duka.

Abubuwa ne daban-daban ake haɗawa a kira su "wurina". Akwai turken kansa da igiya ko sarƙa da kwaɗo, da dutse ko dunƙulen siminti da aka nutsar a ƙasa aka ɗaura ma jarka tana yawo a sama don alama. Wannan kaya ne kamar kowane kaya, wanda ya saya da kuɗinsa ya kafa da ƙarfinsa shi ke da shi, ba gardama. Akwai kuma ƙasar da aka kafa turken a cikinta, sannan ga ruwan da jirgin ke kwance a kai. Waɗannan biyun ne ba na mai turke ba, ko ya shekara nawa a wurin.

Ta ɓangaren dokar ƙasa abin a fili yake. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da talaka ke da shi haƙƙin zama da amfani ne, a karkara ma ƙaramar hukuma ce ke ba da shi. To filin dam ma ya wuce nan, domin kafin a tare ruwa sai gwamnati ta karɓe filin da ruwan zai kwanta a kai da sunan amfanin jama'a, a yi batun diyya, ko an biya da kyau ko ba a biya ba wannan wata doguwar magana ce, mutanen yankin dam ɗin Bakolori sun ga abin da suka gani a 1980 a kan wannan batun na diyya. Abin nufi dai, wanda ke cewa nan gonar kakana ce kafin ruwa ya ci, yana iya zama gaskiya ya faɗa, amma a takarda gonar ta daɗe da fita hannun gidansu. Zobe da aka kammala a 1983 da Jibiya duk suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ne, ta tarayya, ita kuwa Ajiwa hukumar ruwa ta jiha ke riƙe da ita. Mai dam shi ke da ta cewa a bakin dam.

Sai dokar albarkatun ruwa ta 1993, wadda ta ce ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya ikon sarrafa shi na gwamnatin tarayya ne, amma ita dai dokar ta bar ma kowa damar ɗibar ruwan sha da shayar da dabba kyauta a inda jama'a ke da hanyar isa, da damar kamun kifi da tuƙa jirgi matuƙar bai saɓa ma wata doka ba. Ka ga kenan baƙon nan da ya ce ba wanda zai hana shi bi ta ruwan bai yi ƙarya ba. A manyan hanyoyin ruwa irin su kogin Kwara da na Binuwai kuwa akwai NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, wadda dokarta ta ba ta iko har da mita 100 daga bakin ruwa, kuma ita ke ba da izinin gina matsayar jirgi. Jihar Legas ta daɗe tana ja da ita a kan wa zai karɓi kuɗi daga masu jirage, masu jiragen ne ma suka fara kai ƙara saboda ana cajinsu ta ko'ina, sai a Janairun 2024 kotun ƙoli ta ba tarayya gaskiya. In jiha guda mai arziki kamar Legas ba ta iya cewa ruwan nata ne ba, to ina ga mai turke ɗaya.

Amma fa kada baƙo ya ji wannan ya fara murna. A musulunci ma an san mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, hadisi ne sananne, sai dai malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba, sun yi magana a kan wuraren da kowa ke da haƙƙi a ciki amma mutum ɗaya ne zai iya amfani da su a lokaci ɗaya, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya riga shi ya fi cancanta, wanda ya tashi daga mazauninsa ya dawo shi ya fi haƙƙi da shi. Daidai yake da mai baje kaya a kasuwar ƙauye, filin kasuwa ba nasa ba ne, ba zai iya sayar da shi ba, amma duk ranar kasuwa kowa ya san gindin bishiyar nan wurin wane ne, masu sayensa nan suke nemansa, kuma in wani ya riga shi zuwa ya baje a wurin Sarkin Kasuwa tashinsa zai yi. Ranar da ya bar sana'ar ya daina zuwa, wurin ya koma na kowa. Abin da mai turke ke da shi kenan, haƙƙin fifiko, mai rai ne in ana amfani da shi, yana mutuwa in an bari.

Wasu na kawo maganar hauzi, wai ai a mazhabar Malikiyya wanda ya riƙe abu shekara 10 mai shi na gani bai yi magana ba to ya zama nasa. Haka ne, akwai wannan, alƙalanmu na aiki da shi a shari'ar gona da gida. Amma tsakanin mutum da mutum ne a kan abin da ake mallaka. Ba a cin hanyar jama'a da hauzi, kuma bakin ruwan da gari ke sha ake shayar da dabbobi ya fi kama da hanya a kan gona.

Abin sha'awa, ƙasashen da harkar jirage ta yi nisa su ma nan suka tsaya. A Ingila kusan rabin gaɓar teku da yawancin ƙasan teku har zuwa mil 12 na ruwa suna hannun hukumar kadarorin masarauta, mai jirgi zai sayi sarƙarsa da angarsa, wato ƙarfen da ake nutsarwa ya riƙe jirgi, da balan-balan ɗin alama, amma wurin da zai nutsar da su haya yake ko lasisi. A magudanan ruwansu na cikin ƙasa wanda ba shi da matsaya ta dindindin ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, sai ya matsa gaba. A garuruwan bakin teku da yawa a Amurka akwai jami'in tasha da ke raba wuraren, izinin na shekara-shekara ne, mutum na iya jiran layi shekaru kafin ya samu, kuma a wurare da dama in ka bar wurinka ba jirgi na tsawon lokaci ana ba na bayanka. Ladabin da suka saba da shi kuma ba baƙo ba ne a wurinmu: in ka tarar da matsayar wani ba kowa kana iya kamawa na ɗan lokaci, amma kada ka bar jirgin ba mutum, mai wuri na isowa ka kwance ba musu, kuma kada ka ɗaura jirgin da ya fi ƙarfin sarƙar. Bambancin kawai su sun rubuta, mu kuma yana cikin kan Sarkin Ruwa da dattawan masunta.

To a nan ne namu ya fi nasu wuya, domin bakin dam ba ya zama wuri ɗaya. A watan Agusta da Satumba ruwa ya cika ya haura, daga nan ya fara ja da baya, kafin Afrilu da Mayu inda ka ɗaure jirgi da kaka ya zama busasshiyar ƙasa, wani ma ya bi ruwan ya shuka tumatir ko albasa ko dankali a kai. Turken da aka kafa bara yana can tsakiyar lambun wani. To ina "wurin" yake? Abin da hankali ke ɗauka, kuma shi ne ake yi a inda ake zaman lafiya, shi ne wurin mutum layi ne ba ɗigo ba, wato matsayinsa a jere, wane na hannun damansa wane na hagunsa, ruwa ya ja kowa ya cire turkensa ya bi shi a jere yadda suke, ruwa ya dawo a dawo a haka. Rigima na tashi ne idan gaɓar ta canza siffa, inda ke ɗaukar jirgi goma da damina ya koma lungu mai ɗaukar biyar da rani, ko laka ta cike wurin da ke da zurfi, ko ciyawar kachalla ta rufe mashiga. Nan dole a sake rabo, kuma wanda ya dage sai ya samu faɗin da yake da shi da damina zalunci yake nema.

Kuma ba masu jirgi kaɗai ke da bakin ruwan ba, wannan su kan manta. Makiyayi na da mashaya kuma burtalinsa nan ya ɓulle, mata na da wurin wanki, masu kurar ruwa da 'yan garuwa na da inda suke ɗiba, ga 'yan lambu da injin ban ruwa da tiyo shimfiɗe. Igiyar da aka ja daga turke zuwa jirgi ta gitta mashaya, saniya ta harɗe ta karye, wa za a kama? A nawa ganin mai igiya, ko da ya riga kowa zuwa wurin, saboda fifikon da yake da shi a kan sauran masu jirgi ne, bai kai ya tare ma dabba ruwa ba.

Akwai wani lissafi da masu ɗaurewa a tsakiyar ruwa ba su cika yi ba sai an yi karo. Jirgin da aka ɗaure ta goshi kaɗai a jikin dutse ko anga ba ya tsayawa cik, iska ke juya shi, yana zagaya angar kamar da'ira. A ce zurfin wurin mita 3 ne, ka saki igiya mita 9, wanda shi ne ninki uku da matuƙa ke ɗauka a matsayin mafi ƙaranci, jirgin kuma tsawonsa mita 6, to wutsiyarsa na iya kaiwa wajen mita 14 daga inda angar take ta kowace fuska. Wato wurin da ka ci ya kusa mita 30 daga gefe zuwa gefe, ba ɗan inda jarkarka ke yawo ba. Wanda ya zo daga baya ya nutsar da nasa dutsen taku goma daga naka, da rana lafiya lau, sai hadarin farkon damina ya taso da dare iska ta juya, da safe a tarar katako ya tsage. A irin wannan na bayan ne ke da laifi, shi ya kamata ya ba da tazara. Amma in na farkon ne ya ƙara tsawon igiyarsa daga baya ko ya sayo jirgin da ya fi na da girma bai gaya ma kowa ba, to shi ya shiga gonar maƙwabci.

Yanzu ladabin baƙo. In ka iso gaɓar da ba taka ba, abu na farko sallama da tambaya, "Baba, don Allah turken nan akwai mai shi? Zan ɗan sauke kaya in wuce." Da wuya dattijo ya ce maka a'a, galibi cewa zai yi "ɗaura yaro, mai shi sai la'asar", ko ya nuna maka wani. In ba kowa a wurin ka ɗaura da taka igiyar, kada ka taɓa ta mai turken, ka yi ƙullin da ake kwancewa da sauƙi, kuma kada ka sa kwaɗo, sa kwaɗo a turken wani neman faɗa ne ƙarara. Ka bar yaro a jirgin ko ka bar saƙo wurin mai shayi ko mai suyar kifi inda za a same ka, yanzu ma da waya a hannun kowa lamba kawai za ka bari. Kada ka kwana sai da izini. In jirginka mai inji ne babba, turken ɗan kwale-kwalen masunci ba zai riƙe shi ba, in ya tumɓuke ko ya karye biya ya hau kanka, kuma in tumɓukewar ta sa jirgin mai wurin ya tafi ya bugu, shi ma kai ne. Wanda ya yi amfani da kayan wani ba izini lamuni na kansa, wannan ko a fiƙihu ko a kotu ba a ja.

Lalura daban ce. Hadari ya taso, ko jirgi na shan ruwa, ko an ɗauko mara lafiya ko mai naƙuda, turken da ya fi kusa shi ne naka a wannan lokacin, ba mai hankalin da zai tsaya tambayar na wane ne. Sai dai in ƙura ta lafa ka nemi mai shi ka yi godiya, in wani abu ya lalace ka gyara.

Shi kuma mai turke, inda ya fi yawan zubar da gaskiyarsa shi ne wurin fushi. Ya tarar da baƙon jirgi ya zaro wuƙa ya datse igiya, jirgi ya bi iska da tarun mutum da filafilinsa a ciki. Daga wannan lokacin magana ta juye, shi da aka yi ma laifi ya koma mai biyan jirgi, domin tare maka wuri na awa biyu bai halatta maka salwantar da dukiyar da ta fi turkenka tsada nesa ba kusa ba. Abin da zai yi mai sauƙi ne, ya ɗaura nasa a jikin na baƙon, ko ya matsar da shi gefe ya ɗaure shi da kyau a gaban shaida, in abin ya zama ɗabi'a ya kai ma Sarkin Ruwa. Kuma ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal wata shida, jirginsa na kife a tudu, ya ce ba wanda zai taɓa turkensa ba. Ya ba wani aro a gaban mutane da sharaɗin in ya dawo a tashi, wannan ya fi kare masa wurin a kan barinsa fayau.

Saye da sayarwa kuwa nan ake cutar mutane. Wani zai ce na sayar maka da jirgi har da wurinsa, a ƙara kuɗi saboda wurin na kusa da inda dillalan kifi ke tsayawa. Jirgin ya sayu, turke da sarƙa sun sayu, amma wurin bai sayu ba tunda mai sayarwar bai mallake shi ba tun farko. Abin da ya kamata shi ne su je tare gaban Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masunta a ce wane ya bar sana'a, ga wanda ya sayi jirginsa, ana neman a bar shi a wurin, in sun yarda shi kenan, in akwai wanda ya daɗe yana jiran wuri a duba. Gado ma haka, ɗan da ya gaji sana'ar yana fita ruwa ba wanda zai tashe shi daga turken babansa, kunya ma ba za ta bari ba, amma magadan da ke birni suna aikin ofis su ce a sa wurin cikin rabon gado ko a riƙa ba su haya, wannan ba shi da tushe.

Matsayar 'yan fito ta fi ta masunta nauyi, saboda ita rayukan mutane ake lodawa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari ta Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sannan a ƙaramar sallar 2022 aka yi irinsa a nan ƙaramar hukumar Mai'aduwa, shi ma yara ne suka fi yawa, Allah ya jiƙansu. Lodi ba a tsakiyar ruwa ake yinsa ba, a bakin turke ake yi, mutane na kallo. Don haka duk wanda ke tinƙaho da cewa shi ke da matsayar fito, yana karɓar kuɗin layi daga masu jirage, to ya san ƙidayar fasinja da rigar kariya da hana tashi bayan magariba duk sun hau kansa. Ba zai yiwu wurin ya zama nasa ranar karɓar kuɗi ba, ranar da aka yi asara kuma ya ce ruwa na gwamnati ne.

Da za a ji tawa, littafi ɗaya na makaranta ya isa. Sarkin Ruwa ya sa a rubuta sunan kowane mai jirgi da maƙwabtansa na dama da hagu, a ware turke biyu ko uku na baƙi kusa da mashiga, a yanke tsawon lokacin da in mutum ya bar wurinsa ba labari za a ba wani, damina ɗaya ko biyu, su dai su zauna su yanke, mai gari ya sa hannu a kai ma jami'in dam kwafi. Ba sai an kawo rasit da haraji ba, don da zarar an ce kuɗi za a fara raba wuri da sanayya.

Sai kuma a sa a cikin littafin cewa duk wanda ya tashi daga wuri ya cire turkensa. Da rani in ana bin ruwa ana barin guntayen turaku a baya, wasu ma rodi ne ko tsohon shaft na mota, damina ta zo ruwa ya rufe su da ɗan taƙi kaɗan, ba a ganinsu, jirgi cike da kaya ya taho ya hau kai cikinsa ya huje. In an san mai turken, shi ya kamata ya biya kafinta.